Ɗanbaba Makanike da Kunkurun Hedimasta

Duk wanda ya saba bin hanyar kasuwar kifi a Yelwan Yauri da sassafe ya san rumfar kwanon nan da ke gindin darbejiya. Kafin masu shayi su gama hura wuta, Malam Ɗanbaba ya riga ya iso a kan tsohon kekensa, ya rataye rigar gida a ƙusa, ya zura ta aiki wadda baƙin mai ya daɗe da cinye launinta. Sai ya shimfiɗa buhu, ya jera sifanoninsa daga ƙarama zuwa babba, ya yi bismilla. Shekara arba'in da shida ke nan yana haka. Ya gyara motocin rabin gari, shi kuwa bai taɓa mallakar ko ɗaya ba. A watan jiya ya rufe rumfar, ya ce ya gama. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, tun yana raye, yana jin abin da ake faɗa.

Masunta daga tungayen Ngaski sun san shi, don su ne ke ɗauro masa injin jirgi a bayan babur idan ya ƙi tashi ana tsakiyar kamu. Direbobin albasa sun san shi. Ɗaya daga cikinsu ya ba ni labarin ranar da motarsa ta mutu da lodi, aka ce masa injin ya buga, sai dai sabo. Ɗanbaba ya zo ya kafa kan sukudireba a jikin injin, ya ɗora kunnensa a ƙotar, ya saurara. Ya ce injin lafiyarsa lau, datti ne ya toshe hanyar mai. Kafin azahar albasa ta kama hanya. Kai ne, Ɗanbaba, wanda ake kawo wa babban aiki ya mayar da shi ƙarami idan ƙaramin ne, alhali ba mai kama ka in ka yi shiru.

Amma aikin da za a daɗe ana tunawa da shi shi ne na ƙarshe, aikin motar Malam Habibu.

Malam Habibu tsohon hedimasta ne. A wani gungu aka haife shi, tsibiri a tsakiyar Kwara, wanda ruwa ya haɗiye lokacin da aka datse Kainji yana saurayi. Aka kwashe danginsa zuwa wata tunga kusa da Wara. A shekarar 1979 ya sayi Bitil fara sabuwa dal, ƙaramar motar nan mai doro da inji a baya, wadda mutanen gari suka raɗa wa Kunkurun Hedimasta. Ta kai amare, ta kai masu naƙuda asibiti, kuma duk shekara bayan damina takan kai maigidanta bakin tafki ya dubi inda garinsu yake a da. Tun daga juyen mai na farko, hannun Ɗanbaba kaɗai ya san cikinta.

Shekara shida da suka wuce ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Malam Habibu, ya nauyaya masa harshe. Aka lulluɓe motar da tamfol a bayan gida. Bara, da ruwa ya ɗauke, tsohon ya shiga maimaita kalma ɗaya: gungu. Matarsa, Inna Tabawa, ta gane abin da yake nufi, ta kira babban ɗansu Jabiru da ke aiki a Sakkwato. Jabiru ya zo da motarsa mai sanyi, ya ce a shirya Baba. Da aka nuna wa tsohon motar ta taga, sai ya juya fuskarsa bango. Da tasa yake so ya je, ko kuwa a bar shi.

Jabiru ya sa aka jawo Kunkuru zuwa rumfar Ɗanbaba, da shawararsa a hannu. Ya ce a sauke tsohon injin, ya riga ya yi magana a Kaduna za a turo masa na Golf. Ba wai son gudu ba ne. Hanyar yanzu ba ta da ba ce. Ba wanda ke son mota ta mutu masa a dokar daji, balle da tsoho marar lafiya da tsohuwa a ciki.

Ɗanbaba ya auna shawarar a ransa. Ya san maganar tana kan hanya. Ya kuma san zuciyarsa na son injin nan kamar yadda ake son tsohon aboki, ya ji tsoron kada son ya yi masa hukunci. Akwai kuma abin da bai gaya wa kowa ba: yanar ido ta fara rufe masa gani, ƙananan notuna sai da lalube yake samun su.

Ya zaunar da Jabiru a benci ya yi masa bayani dalla-dalla. Injin Bitil iska ke sanyaya shi, ba ruwansa da ruwa. Wancan kuwa sai an yanka jikin motar an nema wa lagireton ruwan sanyaya shi wuri, an ja bututu daga gaba har baya, kuma duk mahaɗa ɗaya wurin yoyo ce a hanya. Ga nauyi da zai ƙaru a gindi, ga birkin da aka yi don ƙaramin ƙarfi.

"Ƙarfin da ba ka da birkinshi ba naka ba ne, Jabiru," in ji shi. "Amma ba ni rantse ma a kan abin da ban gani ba. Ba ni kwana bakwai in buɗe. In na iske uwar injin ta tsage, da hannuna zan sauke shi in ɗora ma wanda kaka so."

Ya buɗe. Ringi sun cinye, kan silinda ɗaya ya tsage, amma uwar injin garau take. Ringi ana samu, kan silindar ne aiki. Ya tambaya a Kwantagora, babu. Sai ya tuna wani malamin dabbobi a Shanga da ya taɓa riƙe irin motar. Ya shiga motar haya ya tafi. Malamin ya daɗe da rasuwa, amma gangar motar na nan a bayan gida, kaji na ƙwai a cikinta. Matarsa, Hajiya Yalwa, da ta ji ko don wa ake nema, ta ce Hedimasta ya koyar da 'ya'yanta uku. Ta ce ya kwance duk abin da yake so, ya dai bar wa kajin kujerarsu. Ya dawo da kan silindar.

Mako uku aikin ya ci, ba kwana bakwai ba. Ya wanke kafireto, ya sa sababbin fulogi, ya saita bawul ɗaya bayan ɗaya, ya sabunta birki duk ƙafa huɗu. Ranar da ya tayar da ita, maƙwabtan rumfa suka bar abin da suke yi, don wannan tatata ɗin sun yi shekaru ba su ji shi ba. Ya yi ta murɗa sukurun kafireto kaɗan-kaɗan, kansa a karkace, har ƙarar ta zauna daidai yadda ya san ta. Da aka kai ta ƙofar gida, Malam Habibu ya jiyo daga ɗaki. Inna Tabawa ta ce ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya faɗi kalmar da ba gungu ba karo na farko cikin makonni: "Hula." Hularsa ta fita yake nema.

Jabiru bai gama sakin jiki ba, Ɗanbaba kuma bai ga laifinsa ba. Ya ce tunda shi ya ba da shawarar, da shi za a tafi.

Suka tashi da hantsi ranar Asabar. Sun wuce rabin hanya, a wani wuri da babu gida gaba babu baya, motar ta yi tari sau biyu ta mutu. Jabiru sai duban daji yake dama da hagu. Inna Tabawa ta shiga salati a hankali. Ɗanbaba ya fita, ya ɗaga murfin baya, ya bi wayoyi da yatsa. Wayar kwayil, mai ba fulogi wuta, ce ta zame. Notin da ke riƙe ta bai ɗauru ba, kuma ya san hannun da ya bar shi haka. Cikin minti goma mota ta tashi. Da ya so, da ya ce gargadar hanya ce, ba wanda zai musa. Sai ya leƙo ta taga.

"Ba laihin injin ba ne, nawa ne. Ban ga notin da kyau ba. Ku gahurce ni, Malam."

Malam Habibu ya miƙo hannu ya dafa nasa, baƙin mai da komai.

Sun isa kafin azahar. Dangi suka fito suna shafa motar kamar mutum, tsofaffin mata na tuna ranar da ta kai su ɗakin miji. Aka tallafi Malam Habibu zuwa bakin ruwa aka zaunar da shi a kujera. Ya daɗe yana nuna wurare a kan tafkin, harshensa na ƙoƙari: nan masallaci, nan tsamiya, nan ɗakin innarsa. Ba abin da ake gani sai ruwa da jiragen masunta, amma jikokinsa suka bi yatsan da ido. A dawowa motar ko tari ba ta yi ba.

A ƙofar gida Jabiru ya riƙe hannun Ɗanbaba da hannu biyu, ya ce ya soke maganar Kaduna, kuma daga yau ko tasa motar nan zai riƙa kawowa. Ɗanbaba ya girgiza kai.

"Wanga shi ne na ƙarshe. Idon da ya tsallake waya yau, gobe birki zai tsallake, kuma ran mutane ne a ciki."

Ya ƙarasa ayyukan da ke hannunsa, ya sa wani makanike ya bi bayan kowane noti, sannan ya rufe rumfar.

Kai ne ka ƙi yanke hukunci sai da ka buɗe ka gani. Kai ne ka faɗi kuskurenka a tsakiyar daji, inda ba mai shaida sai Allah, ka kuma ajiye sifana da kanka ba tare da an ce ka ajiye ba. Gwanin kunne, mai hannun amana, mun gode. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba da sa'ar aikin idon da ake shirin yi maka.

Ku kuma masu sana'a, makanike ne ko tela ko malamin asibiti, ga abin koyi a kusa da ku, ba sai kun je nesa ba. Gidansa na bayan masallacin unguwar masunta, yana zaune a zaure yawancin yini. Ku je ku gaishe shi. In kun yi sallama, ku haɗa da faɗin sunanku, don fuska ta fara yi masa wuyar ganewa, kuma yana jin kunyar tambaya.