Sitiyarin Da Na Ƙi Cirewa

Wallahi jama'a abin da zan ba ku a kaina ya faru, kuma da rana tsaka, kada wani ya ce mafarki na yi. Shekarun baya ina sayar da taya a Kafanchan na sayi wata tsohuwar motar tsere mai ƙofa biyu, ja, ƙasa-ƙasa, wadda kowa ya ce gwangwan na kwaso. Ni kuwa na rantse bakanike ba zai taɓa min ita ba. Da hannuna na sauya fulogi, na wanke kafireta, na sa mata sababbin shokazoba da salansa mai ƙara, har maƙwabta suka daina amsa gaisuwata da daɗin rai.

Sitiyari ne kawai ya rage. A wurin masu kayan tsofaffin motoci na ga wani ƙarami mai fata, na ji duniya ba abin da nake so sai shi. Mai kayan, wani dattijo da ake kira Baba Yohanna, ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, wannan daga motan accident ne, mai shi bai fita ba. Mu a nan inji muna sayar, taya muna sayar, amma abin da hannun mutum yana kai lokacin da ya tafi, ba a sa wa wani mota." Na yi dariya, na ce Baba, ai ƙarfe ne da fata, ni ba na tsoron ƙarfe. Na nace har ya gaji ya ce in ɗauka.

Ranar da na ɗaura na fita gwaji hanyar Kagoro, mota tana tafiya sumul, sai da na zo wata 'yar kwana ta ƙasa, kawai sitiyari ya fizge hagu. Kai! Da ƙyar na dawo da ita titi. Na koma gida na ɗaga ta a jak, na duba tayirod, na duba birki, na gwada iskar taya, komai lafiya lau. Na sake komawa, a daidai wurin ya sake fizgewa. Matata ta ce ko in cire shi ko ta daina shiga motar. Na ce to ki hau okada.

Haushi ya sa wata Asabar da na iso kwanar na rage gudu, na sassauta hannu, na ce bari in ga ƙarshen iskancin. Na rantse da Allah, sitiyarin da kansa yake juyawa, kwana bayan kwana, har gaban wani gida da wata tsohuwa ke shanya citta. Nan mota ta mutu.

Tsohuwar ba ta ko dube ni ba. Ta zo ta zura hannu ta taga ta shafa fatar, ta ce, "Yesu! Sai yau ka dawo?" Sannan ta juyo gare ni: "Na yaro na ne. Ka cire ka bar mini shi, ya iso gida."

Ba zan ɓoye muku ba, na ji tausayinta har raina. Amma taurin kai ya hana ni. Na ce, "Mama ki yi haƙuri, ni na ɗaura, ni zan tuƙa." Ta ce, "To. Zai zo da kai."

Har yau sitiyarin yana nan, ban cire ba kuma ba zan cire ba, na dai daina bin Kagoro. Ku kuwa in za ku sayi kayan cikin mota, ku tambayi daga ina aka ciro, kada ku biye min. Don kwanan nan duk safiya sai in tarar da hancin motar manne da ƙofar gida kamar mai son fita, alhali da dutse na tokare tayar. Jiya na ƙara dutse na biyu, na sayo sarƙa.