Ruwan da Baffa Ya Aike Ni Dubowa

Shekarun baya, bayan mun gama cire tumatir, abokina ya matsa mini sai mun hau wani dutse da ke can bayan Bunkure. Ba sanannen dutse ba ne, ban ma taɓa jin sunansa ba. Ni kuwa mutum ne mai yawan fargaba, ko tsani ba na son hawa.

Muka bi bakin kanal ɗin ruwan noman rani a kan babur. Wannan hanyar gwamnati ce, hankalina a kwance. Muka shiga burtali, shi ma na kowa ne. Amma a gindin dutsen sai ga gona an kewaye ta da ƙaya, an share ana jiran damina. Na ja na tsaya.

"Mutumina, ko tsiro babu a ciki," in ji abokina. "Me za ka taka?"

"Ƙasar mutum zan taka. Gobe kiyama kai za ka amsa mini?"

Ya yi ta dariya, amma ya bi ni muka nemi mai gonar. Wani dattijon Bafulatani ne, muka same shi a inuwa yana tufka igiya. Muka gaisa, na ce, "Baffa, izini muke nema mu ratsa gonarka mu hau dutse."

Ya ɗago ya dube ni. "Gona tawa ce, ku wuce. Dutse kuwa ba nawa ba ne. Amma zan aike ka, ɗana. A can ƙoli akwai wani kwarmi a jikin dutsen. Da ni da marigayi yayana, nan muke shan ruwa da rani in muna kiwo. Gwiwa ta daɗe da hana ni hawa. Ka dubo mini ko har yanzu yana riƙe ruwa."

Ban yi tunani ba na ce, "To, Baffa."

Da muka kai rabi, sai dutsen ya miƙe sumul, babu abin kamawa. Na waiwaya na dubi ƙasa. Na zauna daɓas.

"Mu koma kawai," in ji abokina. "Mu ce masa da ruwa. Ta ina zai sani?"

Wallahi na so in yarda. Amma ni na ce to, kuma ni ya kalla da ya yi maganar. Na cire takalma na rataya a wuya, na kama rarrafe kamar jariri, ina karanto duk addu'ar da na iya, har da ta cin abinci.

Da na ɗago kai a ƙoli, sai na tsaya ina kallo. Kanal-kanal suna walƙiya sun ratsa ƙasa har inda ido ya gaza. Gonakin shinkafa kore shar a tsakiyar rani, sannan daga inda ruwa ya tsaya sai jar ƙasa, kamar an yanka da wuƙa. Motocin hanyar Zariya kamar tururuwa, ba ka jin ƙararsu, sai iska. Nan aka haife ni, amma ban taɓa sanin haka Allah ya shimfiɗa mana wurin ba. Abokina mai surutu ma Subhanallahi kawai yake maimaitawa.

Kwarmin yana ƙarƙashin wani falalen dutse da ya yi masa inuwa. Da ruwa a ciki, sanyi ƙalau. Na zubar da na gorata na cika da shi.

Da muka sauko na miƙa wa Baffa. Ya kurɓa, ya rufe ido. Can ya ce, "Shi ne." Ya tsiyaya sauran a tafin hannu ya shafe fuskarsa.

Har yau ina jin tsoron tsani, kuma har yau ana yi mini dariya kan yawan neman izini. Ba na jin haushi. Da na tsallake ƙayar nan ban tambaya ba, da a rabin dutse zan juyo, don babu wanda yake jirana a ƙasa.