Littafin da Aka Naɗe Ƙosai da Ƙarshensa

A tashar motar Funtua, gefen mai ƙosai, wata yarinya ce tsugune, ba za ta wuce shekara sha huɗu ba. Rigar makarantar mishan da ke jikinta ta koɗe, ta yi mata kaɗan. Tana riƙe da littafi marar bango da ta zaro daga takardun naɗe ƙosai, tana bin layi da yatsa, leɓenta na motsi.

Sai ta kai inda aka yage.

"Inna, ina sauran?"

"Wane saura, Liatu? Tun safe nake naɗe ƙosai da shi."

"Labarin wata ne da babanta ya ɓace. Saura kaɗan ta gano shi."

Matar ta kau da kai, ta ci gaba da suya. Na duba takardar da ta naɗe mini ƙosai da ita, man suya ya cinye rubutun.

Ban san gidansu ba. Amma duk motar da ta tsaya, sai yarinyar ta miƙe tana bin fuskokin mazan da ke saukowa da kallo ɗaya bayan ɗaya. In na ƙarshe ya sauka, sai ta koma ta tsuguna, ta sake buɗe littafin daga farko.