Kaza a Kan Baragurbi

Shekarar da shanu suka mutu ina da kamar shekara goma sha biyu. Tun kafin a ga Bature a ƙasarmu ke nan. Muna zaune a wata 'yar unguwa yamma da Tsiga, gida bakwai ko takwas, kuma mu uku ne a namu gidan: ni, da mahaifina da nake kira Baffa, da uwarsa, wato kakata. Uwata ta rasu tun ina rarrafe. Asalinmu Fulani ne, amma mun daɗe da zama wuri ɗaya har Fulatancin ya zube, sai 'yan kalmomin da ake kiran saniya da su. Muna taɓa noma, sai dai noman ganin dama. Shanu su ne abincinmu, su ne mutuncinmu.

Cutar ba ta yi wata guda ba ta share garken. Saniya za ta fara hawaye da dalalar miyau, ta kama zawo, kwana uku ta faɗi. Ungulu ma sai da ta ƙoshi ta daina sauka. Bayan an gama, Baffa bai fasa fita garke da sassafe ba. Yakan je ya tsaya kusa da igiyar maruƙa, sandarsa a wuya, har rana ta yi zafi, sa'an nan ya dawo. Na fi tsoron wannan tsayuwar da mutuwar shanun.

Da bazara ta yi nisa sai labari ya zo cewa can kudu, bayan ƙasar Zazzau, akwai inda cutar ba ta taka ba. Mutum huɗu daga unguwannin kusa suka shirya tafiya, ko a samu kiwon wani a yi, a dawo da 'yar karsana. Baffa ya ce shi ne na biyar. Kowa ya san hanyar nan a lokacin. Mahara na kama mutum kamar yadda ake kama fara, kuma waɗanda suka riga suka tafi ba wanda aka sake jin ɗuriyarsa.

Kaka ba ta da bakin hana shi, don shi ne ɗanta na fari. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta dubansa ido da ido, balle ta ce masa kada ka tafi, ina son ka. Idan tana da magana da shi sai ta faɗa wa bango, ko ta faɗa mini da ƙarfi yana jin ta. Ranar da ya fito da gorarsa yana gyara mata igiya, tana tankaɗe, sai ta ce da ni:

"Ke 'yar nan, a gidan ubana dai ba a ɗaura tahiya a bar kaza bisa ƙwai. Wanda ya yi, ba shi komowa."

Ban taɓa jin wannan camfin ba kafin ranar, kuma har na tsufa ban sake jin sa a bakin kowa ba. Ina kyautata zaton a bakin rariyar nan aka haife shi. Amma Baffa ya ajiye gorar. Ya ce wa ƙofar ɗaki, "To, sai ta tashi."

Kaza ɗaya gare mu, wata ja mai gajerun ƙafafu, kuma a ranar ta soma kwanci a akurkin da ke jikin rumbu, a kan ƙwanta shida. Baffa ya san kwana ashirin da ɗaya ne, ya roƙi abokan tafiyarsa su jira. Abin da bai sani ba, da la'asar Kaka ta aike ni gidan wata maƙwabciyarmu da muke kira Iya, matar wani manomi mai zabi da yawa, na karɓo ƙwan zabo bakwai, aka cusa wa kazar. Kaka ta taɓa ji ana cewa ƙwan zabo sai ya ƙara mako guda a kan na kaza. Makon nan take so. Lissafinta shi ne, kafin nan mutanen sun gaji sun tafi, ruwa ya zauna, Baffa ya zuba iri, kuma wanda ya zuba iri ba ya barin gona.

Da a kan saniya ne, Kaka za ta gaya maka ranar haihuwa daga ganin hantsa. Amma kaza ba ta san ta ba sai a miya. Kowace yarinyar gidan manoma ta san ba a haɗa ƙwan kaza da na zabo rana ɗaya, sai dai a ba na zabon mako guda tukuna. Mu ba mu sani ba, ba mu kuma tambaya ba, don Kaka ba ta son a san abin da take ƙullawa.

Ranar ashirin da ɗaya 'yan tsaki shida suka fito cif. Washegari kazar ta sauko da abinta tana ƙoƙ-ƙoƙ a tsakar gida, ko waiwayar ƙwan zabon ba ta yi ba. Baffa yana can yana taya wani gyaran rijiya a wata unguwa, bai gani ba. Mu kuma muka zauna muna jiran ta koma da kanta, kwana ɗaya, kwana biyu. A rana ta uku Iya ta shigo aron taɓarya, ta leƙa akurki, ta riƙe haɓa.

"Innalillahi! Yo ku Filani, rana guda kuka sa mata su? Ai kaza in ta ji kukan ɗiyanta ta gama da sauran. Kwana nawa suna a sanyi?"

Kaka ta ce biyu.

"Biyu." Iya ta ɗauki ɗaya ta kara a kumatunta. "Allah na iyawa. A raba ta da tsakin, a maishe ta, a rufe. Kada ta ji ko motsinsu. In da rabo, mako guda kun gani."

Haka na zama uwar 'yan tsaki shida. Muka kama kazar muka tura ta akurki, aka rufe bakin da faifai aka jingina dutse. Wuni guda tana kuka tana dukan faifan, sa'an nan ta yi shiru ta kwanta. Da Baffa ya dawo ya ga tsaki a hannuna, Kaka ta gaya wa murhu cewa da saura, kaza ba ta tashi ba. Ya dubi akurkin, ya wuce ɗakinsa.

Iya ce ta koya mini aikin. Na sami tsohuwar tukunya na shimfiɗa auduga a ciki, na ajiye ta gefen murhu inda toka ke da ɗumi. Ina ɓarza musu gero a dutsen niƙa. Ruwa a kasko ake ba su, a zuba tsakuwa a ciki don kada su faɗa su jiƙe. Sai gara: in cika fasasshiyar tukunya da kara da busasshen kashin shanu, in yayyafa ruwa, in kife ta a bakin suri, da safe in ɗauko ta cike. Kashin shanu kam ba mu rasa shi ba, garke guda gare mu na shi. Da rana nakan kai su can bayan gari a ƙwarya, nesa da kunnen uwarsu, su yi tono ina tsaye a kansu da kara. Sun saba da ni har in na tsuguna sai su shige ƙarƙashin zanena. Na so su, son da ban yi tsammani ba. Tun da shanu suka ƙare ba abin da ya bi ni a baya sai su.

Mako ya cika, ƙwai shiru. Mutum huɗun nan suka zo ƙofar gida da sandunansu da guzurinsu, suka ce ba za su ƙara kwana ba. Ina jin Kaka ta saki ajiyar zuciya a bayan zana. Sai muka ji Baffa yana cewa, "Ku yi gaba, in ta tashi ina tahe bayanku." Shi kaɗai ke nan, a hanyar da mutum biyar ma ke tsoro. Kaka ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Dabararta ta raba shi da 'yan rakiya, ba ta raba shi da tafiyar ba.

Daga ranar gidan ya koma wani iri. Kwana talatin da biyu, talatin da uku. Ruwa ya sauka sosai, maƙwabta suka yi shuka, Baffa bai taɓa fartanya ba. Kowace safiya yakan tsaya gaban akurki, kamar yadda yake tsayawa a garke, ya saurara, ya tafi. Iya ta sake zuwa, ta ce a kawo ruwa mai ɗumi a ƙwarya a tsoma ƙwan, mai rai zai motsa, baragurbi kuwa sai ya yi ta yawo a sama kamar busasshen kara. Kaka ta ce a bar kaza cikin gashinta. Iya ta dube ta, ta dube ni, ta ɗauki mayafinta.

Ni ke buɗe faifan in ba kazar ruwa, don haka ni na fara jin warin. Ƙwan sun soma zufa, wani abu mai danƙo yana tsattsafowa ta jikinsu. Ƙuma ta cika akurkin, in na sa hannu sai ta hau ni har kafaɗa. Kazar ta rame, tukkunta ya yi fari ya kwanta, idonta a lumshe, ta daina ko saran hannuna. Na gaya wa Kaka. Ta ce in zuba toka in rufe bakina. Da warin ya fara kaiwa tsakar gida sai ta riƙa turara kashin shanu kusa da rumbu, wai sauro. Ta sani, na sani, kuma hancin Baffa ba a toshe yake ba. Muka riƙa cin tuwo mu uku cikin wannan wari.

'Yan tsakina kuwa suka fara tafiya. Auduga ba fiffike ba ce. Sanyin damina ya shigo, safiya ɗaya na tarar da biyu sun sandare a gindin tukunya. Shirwa ta sure ɗaya a gabana, karan yana hannuna. Na huɗu ya yi kwana biyu yana saukar da fiffike yana gyangyaɗi, ya mutu a tafin hannuna. Duk wanda ya mutu sai in binne shi a bayan zana in yi kukana a can, don a gidan da aka rasa garke ba a yi wa ɗan tsako kuka a fili.

Rana ta talatin da biyar aka wayi gari da yayyafi. Kaka ta tafi gaisuwar mutuwa cikin Tsiga. Itacen ya jiƙe, murhu ya ƙi kamawa, biyun da suka rage suna rawar sanyi, sun daina kuka. Na sa su a ƙirjina, ba su yi ɗumi ba. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba yanzu da na kusa kabari. Na san abin da tashin kazar yake nufi. Na sani sarai, an faɗa a gabana. Amma tafiyar Baffa gobe ce ko jibi, waɗannan kuwa a hannuna suke mutuwa. Na kawar da dutsen, na janye faifan, na ajiye su a bakin akurki.

Ɗayan ya yi 'yar ƙara. Kazar ta buɗe ido. Ta miƙe da ƙyar, ƙafafunta suna harɗewa, ta fito. Ta sari na farkon sau ɗaya a ka, har na ce shi ke nan, ta manta su. Sai ta tsuguna a gindin rumbu ta buɗe fiffike, suka shige.

Da na juyo Baffa yana tsaye a bayana. Ban san tun yaushe ba. Ya tsuguna ya kwashe ƙwan bakwai a kasko, a hankali don kada su fashe, ya kai su bayan gida ya haƙa rami mai zurfi. Ya dawo ya wanke hannu. Sa'an nan ya shiga ɗaki ya fito da gorarsa ya cika ta.

Kaka ta dawo da azahar, ta ga kaza a tsakar gida da 'ya'ya biyu, ta ga gora a ƙofar ɗaki. Ba ta tambayi wanda ya buɗe ba, ranar ko bayanta. Ta ɗauko gero ta fara daka masa guzuri, na kama mata, muna daka ba mai duban wani. Shekara tara muka yi tare bayan nan, ni na rufe mata ido, maganar ba ta taɓa fitowa daga bakinta ba. Da ta zage ni da na samu sauƙi.

Ya tafi washegari bayan sallar asuba. Kaka ba ta fito ba, tana ɗaki tana gaya wa bango Allah ya tsare, Allah ya tsare. Ni na bi shi da ƙunshin guzuri har bakin rafi. Ina ta shirya yadda zan ce ya yafe mini, in ce kuskure ne, in ce faifan ne ya faɗi. Da ya karɓi ƙunshin sai ya dafa kaina, abin da bai saba yi ba. Fuskarsa a sake take, irin yadda ban gan ta ba tun kafin cutar.

Ya ce, "Allah shi yi miki albarka. Da ba ki buɗe ba, ni ban iya buɗewa."

Ya tsallake rafin, ya bi ta cikin kalgo, ban sake ganinsa ba. Biyu daga cikin mutum huɗun nan sun dawo bayan shekara uku, suka ce bai taɓa cim musu ba.