Na'ura Biyu, Suna Ɗaya

Ƙarfe tara da minti ashirin na safiyar wata Talata, mu uku ne a biro, wato ofishin takardun haihuwa na garinmu, a yankin Magariya: ni, da shef ɗinmu mai shugabantar biron, da sakatariya mai buga takardu. Wannan safiya ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Aikina kula da uwar na'ura, wadda ke ajiye dosiyen kowa, wato kundin bayanansa, sauran na'urori huɗu suna jawo aiki daga cikinta. Ranar, takardar wata yarinya daga Bande ta fito da sunan wani jariri. Karo na uku ke nan a wata guda, duk a teburin sakatariya. Shef ya riga ya rubuta takardar korarta, sa hannu kawai ya rage.

Ya ce mata, "Madam, barci kike yi a kan aiki?"

Ta rantse daidai ta rubuta. Na san ta shekara shida, ba ta rantsuwar banza. Na ce a ba ni zuwa azahar.

Shef ya ce, "Malam, kai da ba ka ƙare karatun lakol ba, za ka taɓa abin da injiniya ya tsara?"

Na ce, "Injiniyan ya tafi, Shef. Mu ya bar wa."

Na bi abin daki-daki. Na farko, na'urar sakatariya da ta biron kusa da namu, wadda ita ma ke jawo aiki daga uwar, wajen mai gyara ɗaya aka kai su. Don ya huta, ya kwafe cikin ɗaya ya zuba wa ɗayar, har da sunan na'urar. Na biyu, uwar na'ura tana tantance mai shigowa ta ƙofa uku: biyu suna tambayar suna da lambar sirri, ta ukun suna kaɗai. Na uku, duk sanda na'urar biron kusa ta shigo ta wannan ƙofa, sai uwar ta ɗauka ta sakatariya ce ta dawo, ta bari aikin can ya hau kan na sakatariya.

Shef bai yarda ba. Na zaunar da shi a kujerar sakatariya, ya rubuta sunansa da hannunsa. Na je biron kusa na rubuta nawa. Kafin in dawo, nasa ya ɓace, nawa na kallonsa.

Sakatariya ta ce a hankali, "Shef, ko a kawo maka ruwa ka wanke fuska?"

Shef ya ce in canza sunan na'urar kawai in bar sauran. Na ƙi. Gobe wani mai gyara zai maimaita, a kuma nemi wanda za a kora. Na rushe ƙofofin uku na mayar da su ɗaya: a tambayi suna, a tambayi lamba, a tabbatar, sannan a buɗe dosiye. Babu tsallake. Da aka kira azahar, shi da kansa ya yaga takardar korar.

Tun ranar na gane, inda ba a bin tsari, mai ƙaramin ƙarfi ke ɗaukar laifi. Kai mai karatu, ina roƙonka: kafin ka sa hannu a kori mutum, zauna a kujerarsa ka gwada aikin da kanka.