Ɓangaren Auta

Mai hoto ya yi shekaru yana aiki da kwamfuta ɗaya tak, a wani ƙuntataccen shago ƙarƙashin bene. Da autarsa ta shiga jami'a karatun kwamfuta, sai ta raba ma'ajiyar na'urar gida biyu: ɓangarensa da manhajar da ya saba, nata da wata daban. In an kunna, allo ya tambaya wanne za a shiga. In aka yi jinkiri, ya wuce zuwa nata.

Kowane hutu sai ta zo. "Baba, a ɗan matsa mini, wurina ya cika." Ya goge tsofaffin hotuna, ta ja iyakar, nasa ya ƙara tsukewa. Har na marigayiya uwarta ya rage.

Ta gama karatu, ta sami aiki a nesa. Waya ta koma saƙo, saƙo ya koma shiru.

Wani mai gyaran kwamfuta da ke maƙwabtaka da shi ya ce, "Haba Baba, a share nata mana, a sauya tsarin wurin yadda naka zai iya amfani da shi. Rabin na'ura fa a kulle!"

Tsohon ya ce, "Ɗakinta ne. Ba a shiga ɗakin mutum ba ya nan."

Yanzu hannunsa rawa yake yi. Da safe in ya kunna, kafin yatsa ya lalubo maɓallin, allo ya riga ya wuce zuwa nata. Sai ya zauna yana kallon hotonta a allon tana dariya, a ƙasa ana tambayarsa kalmar sirrin da ba ta taɓa gaya masa ba.