Fatar Da Ke Jikin Ƙwallon

Ina da shekara arba'in da uku na fara zama a benci don koyon boko. A Greensboro ne, can Amurka, farkon shekarun tamanin. Ƙanena ne ya kawo ni lokacin yana karatu a jami'a. Ya gama ya koma gida, ni na tsaya, saboda na samu aikin yanka fata a wata masana'antar kujeru. Mu dukawa ne kaka da kakanni. Ajami na iya shi tun ina yaro, amma rubutun da ke goshin bas sai na tambayi direba.

Ajin na manya ne, ranar Asabar da safe, a ƙasan wani gini kusa da Elm Street. Kusa da ni wani Ba'indiye ke zama, sa'ana, ma'aikacin masaƙa. Shi ma ya iya rubutun garinsu, na nan ne ya gagare shi. Turancinmu duka gurgu ne, da shi muka ƙulla abota. A bakin abokan ƙanena ya tsinci kalmar Malam, ya riƙe ta.

Malamarmu ta ce kowa ya riƙa kawo abin da yake son karantawa. Shi kullum shafin wasanni na jarida yake kawowa, labarin ƙwallon Amurka, wanda ake rungumewa a ruga da shi, ƙarti su taru su danne mutum. Na tambaye shi me ya gani a ciki. Ya ce shekara uku yana masaƙar nan babu mai ce masa komai sai "matsa". Wata Litinin ya faɗi wanda ya ci wasan jiya, ran nan aka matsa masa a bencin cin abinci.

"Ita ce gaisuwarsu, Malam," in ji shi. "Wanda bai iya ba, ba a ganinsa."

Wata rana muka ci karo da sunan da 'yan gari ke yi wa ƙwallon. Malamar ta ce ma'anarsa fatar alade. Na janye hannuna daga kan jaridar ba shiri. Ya yi dariya har da hawaye.

"Takarda ce fa! Kai naka addinin alade ya hana, ni nawa saniya ya ce kada a taɓa. Yau dai na fi ka sa'a."

Ranar Lahadi bayan azahar nakan je gidansa a Glenwood mu kalli wasa. Yana da mata da ɗa saurayi, da mahaifiya tsohuwa mai farin zani, wadda ba ta jin Turanci ko kalma. A ƙauyensu tana da shanu, kowacce da sunanta, kuma ba a yanka su, girmama su ake yi. Takalmin fata ba ya ƙetare ƙofarta. Ta yarda jikanta ya yi wasan ne domin an ce mata fatar ƙwallon ta alade ce: ƙazanta, amma ba zunubi ba. Sharaɗinta ya wanke hannu kafin ya ci. Saurayin ya gane ina gudun fatar alade, sai ya riƙa jefo mini ƙwallonsa ta roba yana cewa ta gaske ce, ina gocewa, tsohuwar na rufe baki tana dariya.

Da aka ɗauki saurayin a ƙungiyar makarantarsu, uban ya je wani babban kanti a Wendover ya sayo masa ta gasken. Na tarar da kwalin a kan tebur. A lokacin duk rubutun da na gani sai na tsaya na haɗa baƙaƙensa. Na bi ɗaya bayan ɗaya, sai na ga kalma ce da nake gani kullum a jikin ɗaurin fatun da ake sauke mana a wurin aiki. Ita ce kalma ta farko da na karanta ba malama a kaina, kuma ban yi murna ba. Na ɗauki ƙwallon, na murza da babban yatsa, na shinshina. Saniya ce. Baduku ba ya ɓata wannan.

Na ja abokina zuwa baranda na gaya masa. Bai ko ɗago ba.

"Na sani. Tun a kanti na sani."

"Ka kawo ta gidan Mama?"

"In ta ji za ta hana shi, kuma ba zai tsallake maganarta ba. Ka san ranar Juma'a turawa suka kira sunan gidanmu daidai a filin wasa? Daidai, Malam. Ni a masaƙa har yau ba su iya ba." Ya kama hannun rigata. "Kai dai ka yi shiru."

Muka koma ciki, ashe tsohuwar ta ga komai. Mutumin da ke gudun ƙwallo kamar wuta, yau ga shi ya kai ta hancinsa. Ta yi magana da yarensu tana kallona. Abokina ya fassara, murya ƙasa ƙasa: "Ta ce kai mai aikin fata ne, kuma kana salla. Wace fata ce?"

Saurayin yana tsaye a bakin ɗakinsa, shi yana jin Turanci sarai. Na dubi uban, na dubi ɗan. Ƙarya ba zan iya yi wa tsohuwa ba, gaskiya kuma na kasa. Sai na ji bakina ya ce da Hausa, "Fatar saniya ce, Mama. Ki yi haƙuri."

Babu mai jin Hausa a ɗakin nan. Abokina ya juya ya faɗa mata wani abu da yarensu, dogo, har da murmushi. Ita ba ta dube shi ba. Hannuwana take kallo, don har lokacin ƙwallon tana hannuna, ban ajiye ba, ban kuma nemi ruwan wanke hannu ba.

Lahadin da ta biyo baya na tarar da ƙwallon a waje, cikin takalma. Ba ta hana jikan wasa ba, ba ta kuma tambayi kowa komai ba. Amma a da da hannunta take ba shi loma ta farko in ya dawo daga fili, ranar na ga ta tura masa kwano ta koma ɗakinta. Ni ma shayin da ta saba miƙo mini, surukarta ce ta kawo.

Abokina ya ci gaba da zuwa aji har ƙarshen shekara, amma ya koma bencin gaba. Muna gaisawa. Yakan gaya mini wanda ya ci wasa, irin yadda yake gaya wa mutanen masaƙa. Ban taɓa tambayarsa abin da ya fassara mata ba. Tsohuwar ta rasu bayan shekara biyu, ba ta taɓa zuwa filin ba.

Yanzu ina karanta jarida daga farko har ƙarshe, da hannuna kuma na rubuta wannan. Na tambayi malamai biyu a masallaci ko gaskiyar da aka faɗa da harshen da mai tambaya ba ya ji tana cikin gaskiya. Ɗaya ya ce tana ciki, ɗaya ya ce in yi istigfari. Istigfarin nake yi.